Maganin da babu cikin akwatin sakuris

A wani ƙauye na ƙasar Damargu, kusa da Tanut, akwai wani tsoho. Shi ne sakuris na farko da garin ya zaɓa. Tun yana saurayi aka kai shi gidan likita, ya yi kwana 10 yana koyon aiki. Da ya gama aka ba shi akwati. Cikin akwatin akwai nibakin na zazzaɓi, da aspirin, da jan magani na miki, da maganin ido, da bandeji. Ya yi wa mutane aiki da shi shekara da shekaru, ba ya karɓar albashi.

A 1984 ruwa ya ƙi. Hatsi bai yi ba, ciyawa ba ta fito ba. A cikin shekarar Najeriya ta rufe iyakarta, shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Bisashe suka yi ta faɗuwa kamar yadda suka faɗi a 1973.

Wani makiyayi, abokin sakuris, yana da shanu 40. Kafin damina ta dawo ba shi da ko ɗaya. Gwamnati ta kawo tsaba, ya samu rabonsa, amma ba ya ci. Ba ya barci. Da asuba sai ya ɗauki sanda ya tafi inda garkensa yake kwana dā, ya tsaya. Matarsa ta zo wurin sakuris ta ce: "Malam, maigida ba lafiya." Sakuris ya taɓa jikinsa, ba zafi. Duk da haka ya ba shi nibakin. Bayan kwana 3 ya ba shi aspirin. Ya duba akwati sama da ƙasa, babu sauran abin da zai bayar. Ya rufe akwati ya koma gida.

Mutane suka ce iska ce. Aka sa masa mari a ƙafa, yara suna leƙensa. Ran da aka kwance shi, da dare ya fita. Ba a sake ganinsa ba har yau. Shekara 40 tsohon yana ɗauke da wannan magana a ransa.

A daminar 2024 ruwa ya yi yawa. A ƙasar Nijar sama da mutum 300 suka rasu, ɓarnar ta taɓa sama da mutum miliyan 1. A birnin Damagaram, cikin watan Satumba, tsohon masallacin Birni da aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe. A lokacin tsohon ya zo ganin ɗiyarsa da ke aure a birnin. Bango ya faɗa wa yaron maƙwabciyarsu, yaron ya rasu. Uwar ta daina magana, ta daina ci, jaririn da ke bayanta yana kuka ba ta ba shi nono. Gaban tsohon ya faɗi, don ya taɓa ganin irin wannan fuska.

Aka kira majo na gidan likitan unguwa. Ya duba jikinta tukuna. Sa'an nan ya roƙi jama'a su ba su wuri, ya bar yayarta kaɗai. Ya zauna kan tabarma, ya yi mata gaisuwar mutuwa, ya yi shiru. Can ta ce: "Ni na kwantar da shi gindin bangon." Majo bai katse ta ba, bai ce ta daina kuka ba. Da ta gama ya ce: "Inna, kin kwantar da shi inda yake kwana kullum. Ruwa ne ya ci bangon." Ya tambayi inda za su kwana, ya nuna wa yayar inda ake rubuta sunayen waɗanda gidajensu suka faɗi. Ya ce kada a bar ta ita kaɗai. Bayan kwana 2 ya dawo. Cikin mako ta soma ba jaririn nono.

Tsohon ya tare shi a ƙofar gida ya ce: "Ɗana, wane magani ka ba ta?" Majo ya ce: "Baba, ban ba ta ƙwaya ko ɗaya ba. Horo aka yi mana, lokacin da nake aiki a Diffa."

Ga asalin horon. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani shiri mai suna mhGAP. Dalilinsa shi ne likitocin hankali kaɗan ne, kuma a manyan birane suke zaune. Saboda haka a koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita su gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, su yi maganin abin da za su iya, su aika da sauran gaba. A 2015 aka fitar da littafi na musamman don wuraren da yaƙi ko wani bala'i ya afka. A Fabrairun shekarar ne Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, mutane da yawa suka gudo har Damagaram. A 2019 hukumar ta ƙiyasta cewa a wuraren yaƙi, mutum 1 cikin 5 yana fama da irin wannan ciwo.

Majo ya ce akwai sashen da ba ya bukatar karatu mai zurfi. Sakuris yana iyawa, ungozoma tana iyawa. Abu 3 ne: duba, saurara, haɗa. A duba wanda ya keɓe kansa, don labarin zuciya a tambayi fuska. A saurare shi, ba tilas, ba gori, kuma abin da ya faɗa kada a kai shi bakin rijiya. A haɗa shi da danginsa, da limaminsa, da wurin da zai samu abinci da makwanci.

Ya ƙara da cewa baƙin ciki ba hauka ba ne. Mafi yawan mutane suna dawowa daidai in sun samu masu zama da su. Amma akwai wanda za a kai likita ba jira: mai maganar kashe kansa, wanda ya yi kwanaki ba ci ba sha, mai jin muryoyin da ba wanda yake ji, da macen da ta kasa kula da jaririnta. Addu'a tana nan wurinta, a yi ta, a kuma kai shi. Mari kuwa ba ya warkar da kowa, sai dai ya ƙara miki da kunya.

Tsohon ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce: "Da an ƙara mana kwana ɗaya a kan goman nan, da na zauna da shi."

Yanzu ya koma ƙauye. Ya ba da wannan labari a makarantar yaƙi da jahilci, malami ya rubuta kalmomin 3 a allo, manya suka kwafe su cikin littattafansu. Tsohon ya je wurin maigari ya roƙi abu guda: duk ran da za a sake aika wani ko wata koyon aikin lafiya, a nemi a sa wannan darasi a ciki.

Manoma da makiyaya, fari da ambaliya suna zuwa ba sallama. Ana ƙidaya gidajen da suka faɗi da bisashen da suka mutu. A riƙa duba da mai gidan, da mai garken.