Sulken Wata Uku

Wanda ya fito titunan Kano da sassafe a watan Janairu zai ɗauka babu masu kiyaye kansu kamar masu babur ɗin garin nan. Jaket a kan rigar sanyi, safar hannu, safar ƙafa, takalmi sau-ciki, wasu har da hular kwano a rufe ruf. In ya dawo titin nan da azahar a watan Afrilu, zai tarar mutanen su ne, baburan su ne, gudun ma bai ragu ba, amma daga 'yar shara sai silifas. Kwaltar da ke ƙarƙashinsu kuwa kaushinta ɗaya ne a Janairu da Afrilu. Ina cikin mutanen nan, kuma laifina ya fi na yawancinsu, domin na san amfanin kayan, na kashe kuɗina na saya, sannan da hannuna na rataye su.

An mayar da ni koyarwa a wata makaranta ta bayan gari, a kan hanyar Gezawa, sai na sayi babur ƙirar Boxer a farkon hunturu. Sanyin da mai tafiya a ƙasa yake ji daban, na mai babur daban. Da asuba, idan ma'aunin zafi ya sauko kusa da digiri 12, iskar gudu kan daskarar da yatsu har mutum ya kasa tantance ko ya matsa birki ko bai matsa ba. Na nufi wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, na zaɓo baƙar jaket ta fata mai nauyi, mai gashi a ciki, irin wadda aka ɗinka don sanyin Turai. A wani shago kuma na sayi baƙar hular kwano ta hannu, wadda ba ta da kafar shigar iska ko ɗaya, na haɗa da safar hannu ta ulu. Tambaya ɗaya na riƙa yi wa kowane kaya kafin in biya: zai hana ni jin sanyi? Ban tambayi abin da zai yi mini idan na faɗi ba, balle in tambayi ko zan iya jure shi idan bazara ta kama.

Ba a rana ɗaya na tuɓe ba. Safar hannu ce ta fara tafiya, da ma ulu ba ya riƙe hannun babur da kyau. Da Maris ya shigo, jaket ta koma ta safe kawai, in dawo da ita a ɗaure a kujerar baya, daga nan ta daina fita gida. Hula ta fi daɗewa. Amma baƙar hula marar kafa a ranar da zafi ya haura digiri 40 azaba ce: gumi na zuba cikin ido, numfashi na turara gilashi. Na fara da kwance igiyar haɓa, na koma rataye ta a madubi, sai na hango jami'an kiyaye haɗurra in kifa ta a kai, in na wuce in cire.

Wata ranar Afrilu, bayan an tashi daga makaranta, na biya gidan yayata na ɗauko ɗanta, yaro ɗan firamare, zai yi mana kwana biyu. Ba gudu nake ba. Wani mai adaidaita sahu ya yanko gabana zai ɗauki fasinja, na kauce gefen titi inda yashi ya taru, na damƙi birkin gaba, ƙafar gaba ta zame. Kaftanin yadin da ke jikina bai tare komai ba. Tafin hannuna na dama da gwiwar hannu suka sale, farcen babban yatsan ƙafa ya fita, kaina ya bugi dakalin kwata. Hular tana nan a rataye a madubi. Yaron kuwa babur ya danne masa ƙafa, salansa ta kwanta a kan sha-raɓarsa har sai da mutane suka ɗaga. Ni an yi mini ɗinki a goshi, na yi kwanaki ina jiri da amai, likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta jijjiga. Shi kuwa ƙunar ta ci nama, ya daɗe ana wanke masa ciwo yana kuka, tabon kuma yana nan har yau.

Da yayata ta zo asibiti na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Haba, kai ka kayar da kanka? Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Allah ya kiyaye gaba." Na san don ta kwantar mini da hankali ta faɗa, kuma na yarda faɗuwar rubutacciya ce. Amma gajeren wandon da na bar yaron ya hau da shi, da kansa da nawa da ke a buɗe, waɗannan ni na zaɓa. Ban ga dalilin da zan fake da ƙaddara a kansu ba.

Da na warke na zauna na yi nazari, sai na ga kuskuren ya girmi ranar haɗarin. Tun a Ƙofar Wambai na yi shi. Sanyi na gaske a ƙasar Hausa bai wuce wata uku ba, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sauran shekarar zafi ne, ko zafi da ruwa. Wanda ya sayi kayan kariya da hunturu a ransa, sulken wata uku ya saya, kuma zai yi wata tara tsirara a kan kwalta. Abin da ya kamata shi ne a fara da bazara: a nemi abin da mutum zai iya sawa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ba tare da ya ƙosa ya cire ba, sannan a san abin da za a ƙara a ciki da hunturu, da abin da za a ɗora a sama da damina.

Akwai wata fahimta da ta yaudare ni, kuma tana yaudarar da yawa: wai in zafi ya yi zafi, sauƙi yana cikin buɗe jiki iska ta buga. Wannan gaskiya ne muddin iskar ta fi fata sanyi. Zafin fatar mutum yana wajen digiri 35 ne. Da zarar iska ta wuce haka, kamar yadda take yi a Kano da Sakkwato da Maiduguri a tsakiyar bazara, bugun da take yi wa jiki ƙara masa zafi take, tana kuma busar da gumi tun bai sanyaya jiki ba. Shi ya sa mutum kan sauka daga babur a galabaice, kai na sara. Buzayen Agadas da suke ratsa hamada ba su taɓa neman sauƙi a tuɓe riga ba, lulluɓewa suke yi. Abin da ya dace da mai babur shi ne jaket marar nauyi mai launin haske, irin mai raga-raga a ƙirji da baya, wadda aka sa wa matashi mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya. A ƙarƙashinta a sa riga mai dogon hannu. Idan tafiyar mai nisa ce a jiƙa rigar da ruwa, domin a busasshen zafi irin namu wannan yana aiki sosai. Ga mai azumi, kamar a shekarun da Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lamarin ya wuce na jin daɗi. Ƙishirwa tana rage kaifin hankali, babur kuwa ba ya yafe sakaci na daƙiƙa ɗaya: mai tafiya kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa.

Maganar hular kwano tana da tarihi mai ɗaci a wurinmu. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya da robobi a kai don su wuce jami'ai, fasinjoji kuma suna ƙin sawa, wasu don ƙyamar cutar fatar kai, wasu don raɗe-raɗin asiri. Tun daga lokacin da yawanmu muka ɗauki hular a matsayin abin da ake nuna wa hukuma. Ni ma abin da na riƙa yi ke nan da tawa, bambancin kawai tawa ta fi ƙwarya tsada. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa sa hula yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, yana rage raunin kai da kashi 69 cikin 100.

"Yadda ya kamata" ɗin nan shi ne wurin tsayawa. Ba ƙoƙon waje ne yake ceton kai ba. Aikin yana wurin farin soso mai tauri da ke ciki, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali. Idan kai ya bugu, soson yana murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun, kuma sau ɗaya yake yin wannan aiki. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama amfani ko da wajenta yana ƙyalli, shi ya sa sayen ta hannu caca ce, mai saya bai san abin da ta gani ba. Hular leburorin gini kuma don abin da zai faɗo daga sama aka yi ta, ba ta da wannan soso. A duba igiyar haɓa: hular da ta cika ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake kira ECE 22, tana da ɗan ƙyalle a ɗinke mai harafin E da lamba a cikin da'ira, ta Amurka kuma tana ɗauke da DOT a ƙeya. Ana buga na jabu, don haka a ɗaga abin da ke lulluɓe da cikin a taɓa kaurin soson da hannu. Ta kama kai ta ko'ina, kada ta juya idan an girgiza. A ɗaure igiyar har yatsa biyu kawai ke iya shiga, domin hular da ba a ɗaure ba tana rigan mai ita isa ƙasa. Mai rufe haɓa ta fi, tunda sau da yawa fuska ce ke fara sauka. Ta kasance mai kafofin iska, kuma fara. Wani bincike da aka yi a ƙasar Niyuzilan, aka buga a 2004, ya gano cewa masu farar hula sun fi masu baƙa tsira daga haɗari da kashi 24 cikin 100, saboda direbobi sun fi ganinsu. A rana irin tamu farar tana da riba ta biyu.

Hannu shi ne abin da mutum ke miƙawa idan zai faɗi, ba tare da ya yi shawara ba, don haka safar fata marar kauri mai ƙarin fata a tafi ta fi ta ulu nesa ba kusa ba. Ina mamakin yadda garin da ya shahara da jima da dukanci tun zamanin fataucin hamada bai cika kasuwa da irin wannan safa ba. Aiki ne da dukawanmu za su iya. Ƙafa kuwa ita ta fi yawan jin rauni, a tambayi duk wanda ya taɓa jinya a asibitin ƙashi na Dala. Takalmi ya rufe idon sawu, a cusa igiyarsa ciki, wando ya zama mai kauri kuma dogo.

Tufafinmu na gida suna buƙatar a faɗi gaskiya a kansu. Babbar riga da doguwar jallabiya da hijabi mai jan ƙasa suna da kyau da mutunci, amma sarƙar babur da wayoyin ƙafar baya suna cafke duk abin da ya yi lilo kusa da su, kuma in sun cafke ba sa saki. Mace da hijabinta ya naɗe a ƙafar baya, ta wuya ake fizgo ta. Kafin a tayar da babur, mai tuƙi ya waiwaya ya tabbatar ta tattare shi a cinya. Ni yanzu babbar rigar Juma'a a jaka take tafiya, sai na sauka nake sawa.

Hunturu da damina ba su da wuyar sha'ani idan an samu wannan tushe. Da sanyi, rigar sanyi da wata 'yar rigar leda mai tare iska a ƙarƙashin jaket ɗin nan ta bazara sun wadatar, da ƙyalle a hanci saboda ƙura, da gilashin hula mai haske wanda bai karce ba. Baƙin gilashi a cikin hazo ko bayan magariba makanta ne. Da damina, rigar ruwa mai wando a ɗora a sama, mai launi mai ɗaukar ido da zane mai ƙyalli, domin direban da ruwa ke dukan gilashinsa ba ya ganin mai baƙaƙen kaya. A guji babbar leda mai faɗi da ake zurawa ta wuya, iska tana kumbura ta, tana kuma iya shiga sarƙa. Ruwan farko ya fi na Agusta santsi, saboda yana taso da man inji da ƙurar da suka yi watanni suna taruwa a kan kwalta.

Na san kuɗi ba su da sauƙi, kuma wanda ya sayi babur da bashi ba zai haɗa wannan duka a wata ɗaya ba. Idan da bi da bi za a saya, hula ce farko, kuma ita kaɗai ce ban yarda a saya a gwanjo ba. Sai takalmi da safar hannu, sai jaket, waɗannan na hannu ma sun yi idan ɗinkinsu da zif ɗinsu lafiya lau. A lissafin kuma a sa wanda za a goya. Kullum da safe ina ganin iyaye da yara uku ko huɗu a kan babur ɗaya za a kai su makaranta, uban da hula, yaran babu, na gaba a kan tanki. Hular yara tana da wuyar samu a kasuwanninmu, ta manya kuma ba ta zama a kan yaro. Ni dai yaron da ƙafarsa ba ta kai wurin ɗora ƙafa ba, ko ba shi da dogon wando da takalmi, ko ba ni da hular da ta yi daidai da kansa, ba na goya shi, ko da uwarsa ce ta roƙe ni. Nakan biya masa kuɗin adaidaita sahu, in bi su a baya.