Ranar da 641 ta kunyata ni

Muna aji biyu na babbar sakandare, wata Juma'a malamin lissafi ya rubuta 4,294,967,297 a allo. Ya ce, "Wannan firam ce ko kuwa? Ku zo mini da amsa ranar Litinin, kuma ban yarda da kalkuleta ba." Firam dai kun san ta, lambar da ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, kamar 7 da 13.

A lokacin ina ji da kaina a lissafi. Kallo ɗaya na yi mata na ga da 7 ta ƙare, ke nan 2 da 5 ba su raba ta. Na tara alƙalumanta suka ba ni 59, 3 ma ta fita. Sauran kuwa sai da na zauna. Asabar da Lahadi ina kan tabarma ina dogon rabawa: 7, 11, 13, har 97, firam 22 cif. Kowacce sai ta bar saura. Inna har ta tambaya ko lafiya.

Ranar Litinin tun a hanya na yi wa abokina alkawarin kuɗin tarata na mako guda in har na faɗi. Na miƙe a aji na ce, "Malam, firam ce."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Malam."

Ya miƙo mini alli ya ce in raba ta da 641. Ina yi hannuna na rawa, don tun kafin in kai ƙarshe na ga inda aka dosa. Amsa ta fito 6,700,417, babu saura ko ɗaya. Aji ya kwashe da dariya.

Da suka lafa, Malam ya ce ba ni ne farau ba. Lambar nan 2 ce aka ninka da kanta har sau 32, aka ƙara 1. 'Yan'uwanta biyar da ke gabanta, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk firam ne. Ganin haka, a 1640 masanin lissafin nan na Faransa, Pierre de Fermat, ya ɗauka duk dangin haka suke. Sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25, ya fito da 641. Ba laluben makaho ya yi irin nawa ba. Ya gano cewa duk lambar da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1, ga shi kuwa 641 ita ce 640 da 1.

Abin da ya fi ci mini rai ba dariyar ba ce. Daga baya na ƙirga, na ga tsakanin 97 da 641 akwai firam 90 da ban taɓa ba, amma na buɗe baki na ce na tabbata.

Makon nan abokina ya ci ƙosai da kuɗina, bai ko yi mini tayi ba.