Shuni da Idon Salula

A Tabelot babu wanda bai san shuni ba. Turkuɗin da dattawanmu ke naɗawa daga Kura yake zuwa, can kusa da Kano, kuma in mutum ya wuni da shi sai ka ga goshinsa ya yi shuɗi. To, wannan rinin ne ya sa nake taƙama da karatun kimiyyar haɗa sinadarai, duk da masu ce mini gara in koma lambun albasa.

Ga dalili. Kyamarar salula tana da ƴan idanu miliyoyi. Haske ya faɗa kan kowane ɗaya, sai ya motsa ƴar wutar lantarki; na'ura ta auna ƙarfinta, ta haɗa hoto. Da silikon ake yin idanun nan, shi kuwa sai zafi ya haura digiri 1,400 yake narkewa, masana'antarsa ma sai ƙasa mai ƙarfi.

Amma akwai wata hanya. A 2000 aka ba Heeger da MacDiarmid da Shirakawa kyautar Nobel, don sun gano wasu nau'o'in roba na ɗaukar lantarki. Irin waɗannan sinadarai ana narkar da su kamar tawada, a buga su bisa ledar roba, shafi kan shafi, ba tare da wani zafi mai yawa ba. Kamfanin Isorg na Faransa ya buga irin idanun nan don karanta zanen yatsa. Suna lanƙwasuwa, ana iya yin su da faɗi, sai dai danshi da iska na cin su in ba a lulluɓe su sosai ba.

Ina shuni ya shigo? A 2012 masu bincike a Jami'ar Linz ta Ostiriya suka nuna shi ma yana ɗaukar lantarki, har suka yi taransista da shi. Kai jama'a! Abin da marinan Ƙofar Mata suka shekara ɗaruruwa suna motsawa a rami.

Ban ce marina za ta haifi kyamara gobe ba. Amma wallahi yana mini ciwo: mu ke rina, mu ke naɗawa, wasu ke tambayar me shunin ke yi da haske da lantarki. Rana dai muna da ita a gindin Bagzan, har ta yi yawa. Masu tambayar ne suka yi mana kaɗan, kuma ina so a ƙirga da ni.