Malam-buɗe-littafi da Kurege a Lambun Dattijo

Dattawan da suka tsufa a aikin lambu sun fahimci cewa malam-buɗe-littafi ba don fure kaɗai yake zuwa wuri ba, domin ruwan zaƙin da yake tsotsa abincin babba ne, alhali macen tana neman ganyen da 'ya'yanta za su ci. Rayuwar wannan ƙwaro mataki huɗu ce: ƙwai, sai tsutsa, sai kwanciya cikin wani ƙwanso da take rataye kanta a ciki, sannan fitowa da fukafukai. Macen tana ɗanɗana ganye da ƙafafunta kafin ta saka ƙwai, kuma kowane iri yana da shukar da ya amince da ita, wadda in babu ita sai ya sha ya wuce, ba zai hayayyafa ba.

Tumfafiya, wadda manoma ke sarewa don ganin ba ta da amfani, ita ce gidan wani iri mai launin ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, wanda Linnaeus ya fara bayyanawa a 1758. Farin ruwan tumfafiya yana ɗauke da dafin da ke taɓa zuciya, tsutsar kuwa tana cinsa ba tare da ya cuce ta ba, ta adana shi a jikinta har ta girma, shi ya sa babban yake tashi a hankali a fili ba ya gudun tsuntsu. A Amurka Lincoln Brower ya nuna a shekarun 1960 cewa tsuntsun da ya ci ɗan'uwan wannan iri yakan yi amai, daga nan ya ƙaurace wa duk mai irin launinsa. Bishiyar lemo ma tana da nata baƙon, babba, baƙi da zanen ruwan ɗorawa. Tsutsarsa tun tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take a kan ganye, in ta girma ta koma koriya, in aka taɓa ta kuma sai ta fiddo wasu ƙahoni biyu masu wari daga bayan kanta.

A nan ne matashi da dattijo suke rabuwa. Matashi da zarar ya ga ganye da huda sai ya ɗauko feshi, washegari kuma ya yi mamakin yadda lambun ya zama kufai. Dattijo ya san babbar bishiyar lemo ba ta mutuwa don ganye goma, saboda haka dashen da bai kafu ba kawai yake tsince wa tsutsa da hannu. Yakan kuma bar ɗan wuri mai laka kusa da rijiya, domin mazan malam-buɗe-littafi suna taruwa su tsotsi gishirin da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kurege kuwa ba a yi masa wannan haƙuri, don ɓarnarsa daga tushe take farawa. Da rana yake fita, yana tone irin da aka shuka jiya, ya haƙe gyaɗa da dankali da rogo, ya miƙe a kan ƙafafun baya ya duba hanya, ya faɗa raminsa da ke ƙarƙashin saiwa ko cikin tsohon suri. Wayon da tatsuniya ta ba shi bai wuce gaskiya da yawa ba, ga duk wanda ya taɓa ɗana masa tarko sau biyu a wuri ɗaya. Maganin ɓera shi ne hanya mafi muni, tun da kaza da kyanwa na iya cin abincin da aka gauraya da shi, kuma yara na wasa a lambu. Abin da ya fi aiki shi ne katanga: wayar raga mai ƙananan ido da aka binne gindinta cikin ƙasa, saboda mai tona rami ba ya jin shingen da ya tsaya a sama, ko rassan ƙaya da ake shimfiɗawa a kan fangali har iri ya tsiro. Share tarin duwatsu da karan da ke gefen lambu yana hana shi maɓoya.

Barkono ma yana korarsa, domin sinadarin da ke sa yaji, wato kafsaisin, dabbobi masu shayarwa ne ke jin zafinsa, tsuntsaye ba sa ji. Sai dai ruwan sama da ban-ruwa suna wanke shi, dole a riƙa sabuntawa, kuma a ƙasa ake barbaɗa garin, kewaye da fangali, ban da kan fure inda ƙwari ke sauka. Don malam-buɗe-littafi kuwa, mai lambu ya bar tumfafiya biyu ko uku a bakin shinge, amma ya gargaɗi yara kada su karya ta, domin ruwanta yana illata ido.