Masallaci Fes, Kwata a Toshe

Ruwan da aka yi a Agustan bara, wanda ya shigo mana har sahu na biyu a masallacin unguwa, shi ne sanadin wannan rubutu. Da gari ya waye muka fito da shebur da manjagara, mu da samari, don mu buɗe kwalbatin bakin titi. Mun zaci yashi za mu tarar. Ina! Ledojin omo ne, da na bilic, da robobin Izal, da tsofaffin kawunan mofa, kamar da gangan aka cusa. Wani yaro ya ɗago leda ɗaya ya ce, "Malam, ai wannan irin ta shagonku ce." Aka yi dariya. Mu dai ba mu yi ba, don gaskiya ya faɗa.

Mu da iyayenmu suka zo Potiskum fatauci, muka tashi a tsakanin Bolawa da Ngizim da Karekare, mun riski zamanin da ɗaki daɓe ne. Uwargida ta yayyafa ruwa, ta sa tsintsiya, shi ke nan. Tukunya a goge ta da toka. Abin da ya rage, ƙasa ta cinye abinta. Yau gida tayil, masallaci tayil, kuma tayil ba ya jin tsintsiya kaɗai. Ba mu ce a koma daɓe ba. Amma kowace goga yanzu tana barin wani abu a baya wanda ƙasa ba ta ci.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai sayen babbar roba ya koma sayen 'yar leda. Mu da ke zaune a shago mun san lissafin: in ka tara ledojin da za su cika roba ɗaya, kuɗinsu ya fi na robar. Ke nan talaka ya biya da tsada, sannan sharar ta zauna a ƙofar gidansa. Baban bola yana ɗaukar gora da ƙarfe don ana saye a kilo, amma 'yar ledar nan wa zai saya? Iska ce ke kwasa. Ga mu kuwa a garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin saniya.

Akwai kuma abin da ya shafi addini, wanda muka karanta tun muna yara a Ishmawi da Risala muka manta. A mazhabarmu ta Malikiyya, ruwan da ke gusar da hukuncin najasa shi ne ruwa zalla, wanda wani abu kamar sabulu bai sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Ruwan da aka tsiyaya wa Izal har ya yi fari yana kashe ƙwayoyin cuta, yana da amfaninsa, amma sai an bi da ruwa zalla kafin a ce wurin ya tsarkaka. Balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallacin Madina, guga ɗaya na ruwa Manzon Allah (SAW) ya sa aka zuba. Mu kuwa sai mu juye rabin roba a bokiti, muna ganin yawan ƙamshi shi ne tsarki. Almubazzaranci ne kawai.

To, me muka yi? Bayan sallar la'asar muka zauna, mu masu shaguna huɗu. Muka shirya mu riƙa sayen sabulun ruwa a jarka wajen matan unguwa da ke haɗawa a gida, mai saye ya zo da robarsa a auna masa. Sharaɗi ɗaya muka kafa: ba a zuba shi a gorar ruwan sha ko ta lemo, sai robar da aka rubuta wa suna da maka. Yaro ba ya tambaya, ɗauka yake ya kai baki. Mun kuma roƙi iyaye mata kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai a bokiti guda, don iskar da ke tashi guba ce, tana shaƙe mutum. A ƙofar masallaci mun rataye buhu na tara leda.

Riba ta ɗan ragu, ba za mu ɓoye ba, kuma har yanzu muna sayar da ledar ga wanda naira hamsin ce duk abin da ke hannunsa. Amma damina na tafe, kuma ruwa ba ya tambayar ledar wa ce ta toshe hanya. Ranar Asabar bayan asuba za mu sake fitowa yashe kwata. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu, amin.