Makarantar Tsakar Gida

Duk wanda ya zauna ƙera manhajar koyarwa, akwai mutumin da yake hangowa a gaban kwamfuta. Galibi malami ne mai aji da rajista, a makarantar da ke da shugaba da ƙararrawa. Wanda ba a cika hangowa ba shi ne uwa ko uba da ke karantar da 'ya'yansu a gida.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na da damar dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Manyan ayyukan ilimi na wannan fanni da makaranta a zuciya aka fara su. A 2001 aka kafa Skolelinux domin makarantun ƙasar Norway, inda babbar kwamfuta guda ke ciyar da sauran kwamfutocin makaranta. Moodle, da Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, an gina shi kan kwasa-kwasai da malamai da ɗalibai masu rajista. Edubuntu ya biyo baya a 2005 da niyyar sauƙaƙa wa malami haɗa ɗakin kwamfuta. Duk ayyukan alheri ne, kuma wasu da yawa cikin masu hannu a ciki sa-kai suke yi.

Na fahimci giɓin ne a gidan yayata. Babban ɗanta yana da sikila, kwanakin da yake yi a kwance sun kusa fin na zuwa makaranta, sai ta yanke shawarar karantar da shi a gida, ta haɗa da ƙannensa biyu. Ta ce in saka mata wani abu a tsohuwar kwamfutar mijinta. Manhajar da na fara gwadawa ta nemi sunan makaranta, da sunan aji, da wanda zai kula da tsarin, da wani daban da zai zama malami.

"Kai kuma, wace makaranta zan rubuta?" in ji ta. "Ɗakina?"

"Yaya, ki sa duk sunan da ya zo miki," na ce.

Ta yi dariya, amma na ga jikinta ya yi sanyi. Tun kafin a fara darasi na'ura ta nuna mata cewa ba da irinta aka yi lissafi ba. Ita ce shugabar makaranta, ita ce malama, ita ce mai girki. Ajinta yara uku ne masu shekara biyar, takwas da sha ɗaya, suna karɓa-karɓa da kwamfuta ɗaya a 'yan sa'o'in da aka kawo wuta.

Abin da irin wannan gida ke bukata ba mai yawa ba ne. Manhajar ta hau kwamfuta guda ba tare da intanet ba. Mutum ɗaya ya iya riƙe ragamarta. Kowane yaro ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba tare da an ɗaure shi a aji ba. A iya buga darasi a takarda don ranar da babu wuta. A kuma samu rahoton abin da yaro ya koya, wanda za a nuna ranar da zai koma makaranta ko zai zauna jarrabawar shiga sakandare.

Akwai ayyukan da suka nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. GCompris, da Bruno Coudoin na Faransa ya fara a 2000, na da wasannin koyo sama da 100 na yara daga shekara 2 zuwa 10, kuma buɗewa kawai ake yi a fara. Kiwix na ajiye Wikipedia a cikin na'ura a karanta ba intanet. Kolibri ma an tsara shi ne domin wuraren da intanet bai kai ba.

Wasu na cewa lokacin 'yan sa-kai kaɗan ne, gara a kashe shi kan makarantar gwamnati inda talakawa suke. Ina ganin ƙarfin wannan magana. Sai dai karatun gida ba na Amurkawa kaɗai ba ne, inda doka ta yarda da shi a dukkan jihohi 50. A watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe makarantun Najeriya, kowane gida ya koma aji ba shiri. Kuma duk abin da ya yi wa yayata daidai zai yi wa makarantar ƙauye mai malami ɗaya da yara masu shekaru daban-daban.

Mu ma wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu, ba ta jira a gina musu aji ba.

Tunda ƙofar waɗannan ayyuka a buɗe take, aikin ya rabu biyu. Masu ƙera manhaja su riƙa gwada ta a hannun iyaye kafin su fitar da ita. Mu kuma da muka iya Turanci da kwamfuta mu fassara ta zuwa Hausa, mu rubuta musu daidai wurin da uwa ta tsaya ta kasa ci gaba, domin ba za su gyara abin da ba a gaya musu ba.