Wusasa, Gari a Gindin Dutse

In muka fita birnin Zariya muka nufi yamma, ba da nisa ba sai mu iske Wusasa a gindin dutsenta. Gari ne ƙarami, amma labarinsa da yawa.

Likita Miller na Mishan C.M.S. ya zauna cikin birni tun 1905. A 1929 aka kwashe mishan zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa mai bakan gizo. Har yau tana tsaye.

Cikin mutanen farko akwai Isawa da suka karɓi bishara suka zauna a Gimi. Ciwon barci ya kashe da yawansu, waɗanda suka ragu suka watse, waɗansu suka zo nan. Malam Yohanna Gowon, mutumin Angas, ya kawo iyalinsa. Ɗansa Yakubu ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Ishaya Audu ma a nan ya yi makaranta, ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello.

Tsofaffin da suka ga farkon garin sun kusa ƙarewa. Mu tambaye su tun suna raye, mu rubuta wa jikokinmu.